Kalgo: tambayoyin da manoma da makiyaya suka fi yi

Wanda ya bi hanyar Marwa zuwa Mora, a arewacin Kamaru, a watan Afrilu ya san wannan gani. Gonaki sun yi fari fat, an kwashe kara, shanu sun lashe abin da ya rage, amma nan da can akwai wasu 'yan itatuwa gajeru da ganyensu kore shar, kamar rani bai shafe su ba. Kalgo ke nan. Ka dawo bayan wata guda, sai ka tarar an sassabe su, an tara, an cinna wuta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda nake yawan sha daga manoma da masu kiwo a Marwa da Garwa da Kusiri, har da 'yan'uwa na tsallaken Logon. Na haɗa su wuri guda domin bakina ya huta.

Shin kalgo bishiya ne ko ƙaramin tsiro?

Duka biyun, ya danganta da yadda aka bar shi. A gona, inda ake sare shi kowace shekara, yakan tsaya cunkus da rassa masu yawa daga tushe guda, tsayinsa bai cika wuce na mutum ba. A bakin mayo, wato rafi, ko gefen tafki, inda gatari bai dame shi ba, yakan zama bishiya sosai mai inuwa, har ya doshi mita 10. Ganyensa ba ya ɓuya: mai kauri ne, a tsage gida biyu kamar sawun raƙumi. Furensa fari ne da ɗan ratsin ja-ja, yana fitowa daga tsakiyar damina zuwa kaka. 'Ya'yan kuwa doguwar kwasfa ce mai faɗi da tauri, tsawonta kan kai santimita 15 zuwa 25, tana bushewa cikin hunturu, kuma ba ta fashewa da kanta kamar ta wake. Tana nan rataye har sai an tsinke ta ko ta faɗo. Asalinsa na wannan yanki ne, daga Senegal har Sudan. Ba Bature ya kawo shi ba, saɓanin darbejiya da ta cika titunan Marwa, wadda daga Indiya ta fito.

An ce dangin wake ne. To yana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar wake da gyaɗa?

Dangin wake ne, haka ne. Gida ɗaya suke da gyaɗa da tsamiya da ɗorawa da gawo da bagaruwa, duk masu 'ya'ya cikin kwasfa. Amma a nan mutane da yawa ke kuskure, har da wasu masu ilimin boko. In ka tumɓuke wake za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsa. A cikinsu ne wasu ƙwayoyin halitta ke zaune suna jawo sinadarin naitirojin daga iska suna ajiye wa shuka, sinadarin da muke saye da tsada a buhun yuriya. Kalgo ba ya yin waɗannan ƙulle-ƙulle. Amfaninsa ga ƙasa ta wata hanya yake zuwa. Saiwarsa tana nutsawa can inda ta gero ba ta kaiwa, ta jawo abincin da ruwan sama ya gangarar, ya hau cikin ganye, ganyen ya zube a sama ya ruɓe. Sannan gindinsa yana tare ƙurar hunturu da yayi da kashin awakin da ke fakewa a inuwarsa. Shi ya sa gindin kalgo kullum yake ɗan tudu, ƙasarsa ta fi ta kewaye duhu.

Kalgon da na gani a Ngaundare bai yi kama da na Marwa ba. Iri biyu ne?

Biyu ne, Hausa ce ta haɗa su da suna guda. Na wajenmu, mai ganye sumul, masana tsirrai suna kiransa Piliostigma reticulatum. Shi ne mai jure fari, yana jin daɗi inda ruwan shekara yake tsakanin milimita 400 zuwa 1,000, kuma Marwa da ke samun kimanin 800 tana tsakiyar gidansa. Na kudu shi ne Piliostigma thonningii: ganyensa ya fi girma, bayansa da gashi-gashi, kwasfarsa tana da laushin gashi mai launin tsatsa tun tana ɗanya. Yana son ruwa da yawa, shi ya sa ya fi yawa a Adamawa da kudancin Cadi. A ƙasar Binuwai, wajen Garwa, za ka iya cin karo da su biyun a daji ɗaya.

Wani ɗan labari kan sunan, ga mai sha'awa. Da farko an saka kalgo cikin rukunin da ake kira Bauhinia, inda tsattsagi yake har yau. An ba rukunin wannan suna ne don tunawa da wasu 'yan'uwa biyu masana tsirrai daga Suwizalan, Jean da Gaspard Bauhin, saboda ganyen nan mai gida biyu a haɗe kamar wa da ƙane. A 1846 aka ware kalgo aka ba shi rukuninsa. Shi kuwa na kudun, sunansa daga Peter Thonning ne, mutumin Denmak da ya tattara tsirrai a gaɓar ƙasar da yau ake kira Gana.

Akwai wani babban kalgo a bayan gidanmu, yana fure amma bai taɓa 'ya'ya ba. Ciwo ne?

Lafiyarsa ƙalau, namiji ne. Kalgo kamar giginya da dabino yake, akwai mace akwai namiji. In 'ya'ya kike so, Hajiya, ki lura da waɗanda suka yi kwasfa bana ki sa musu alama, amma kada a ƙarar da mazan, don sai da su matan ke ɗauka.

Shekara goma ina sare shi yana dawowa. Yaya zan kashe shi gaba ɗaya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi zuwa, kuma amsata ba ta cika yi wa mai tambaya daɗi ba: Malam, kada ka kashe shi. Abin da kake gani a sama kaɗan ne, jikin yana ƙasa. Kututturen nan ya girmi wasu 'ya'yanka, ya tara abinci a saiwa, shi ya sa da ka sare kafin sati uku ya yi toho. Mutane suna zuba kuɗi a gandun renon itatuwa, a dasa, a yi ban-ruwa, akuya ta cinye. Tun shekarun 1970 ake dashen itatuwa a jiharmu ta Arewa Mai Nisa da sunan Sahel Vert, aka sake farfaɗo da shirin a 2008, kuma duk wanda ya taɓa dasa ko da itace ɗaya ya san wahalar tsallakar da shi ranin farko. Kai kuwa ga naka Allah ya dasa maka, ba ya neman ruwa, ba ya tsoron akuya, kana neman hanyar hallaka shi.

'Yan'uwanmu na Maraɗi sun riga mu gane wannan. A 1983 wani mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, bayan ya sha kaye wajen dashe, ya lura cewa 'yan tsirran da ke gonaki ba ciyawa ba ne, tohon tsofaffin kututture ne. Ya fara lallashin manoma su riƙa barin reshe ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi a kowane kututture su datse sauran. Da farko an ɗauke shi mahaukaci, don a lokacin gona mai tsabta ita ce wadda babu ko tsinke. Yunwar 1984 ta sa mutane suka gwada. Abin da Hausawan can suka raɗa wa suna sassaben zamani ya bazu har aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 a Nijar, kuma kalgo da sabara da gawo na cikin itatuwan da aka fi rainon su haka. A nan gida ma an yi makamancinsa da gawo a shekarun 1990, lokacin da aka riƙa ba manoman auduga ɗan ihisani kan kowane ƙaramin gawo da suka bari ya girma. Kalgo ne dai bai samu mai yi masa wannan gata ba.

Abin da ya fi ci mini rai ba saran ba ne, ƙonawar ce. Sara ba ya cutar da kalgo. Amma ganye da rassan da ya kwashe wata bakwai yana haɗa maka, ka tara su ka mai da su hayaƙi cikin rabin sa'a, sannan ka je ka ci bashin taki. Tokar da ta rage, iskar farkon damina ke kwashe rabinta.

Ba zai shanye wa gero ruwa ba?

Tambaya ce mai ma'ana, kuma an bincika ta. A Senegal, inda Wolof ke kiransa ngigis, masu bincike na ƙasar da na Amurka sun yi sama da shekara goma suna gwaji a Nioro du Rip, kusa da iyakar Gambiya. Suna noma gero da gyaɗa bi da bi, wani fili da kalgo a ciki, wani babu. A filin kalgon sun ƙara yawansa fiye da yadda aka saba gani a gonaki, kuma maimakon ƙonawa suna daddatsa abin da suka sare su mayar wa ƙasa. Filin kalgo ya fi ba da amfani, ƙasarsa ta fi riƙe laima, takin zamanin da aka zuba ma ya fi yin aiki a can.

Sun kuma gano wani abin mamaki a kalgo da sabara. Da dare, lokacin da ganye ya daina fitar da ruwa, doguwar saiwar tana ci gaba da jawo laima daga ƙasa mai zurfi, sai wani kaso ya tsiyaye ta ƙananan saiwoyin da ke sama inda ƙasa ta bushe. A gwajin sabara har sun bi sawun ruwan suka same shi cikin jikin geron da ke kusa. Ba ruwa ne mai yawa ba, ba zai maye gurbin sama ba. Amma a irin tsaikon kwana goma sha biyar ɗin nan da kan zo bayan shuka, wanda ke sa a sake shuka sau biyu ko uku, ɗan wannan yana iya raba shukar da ta mutu da wadda ta jira ruwa. Tsofaffi sun daɗe da sanin cewa geron gindin kalgo ne ke ƙarshen yin yaushi, dalilin ne kawai ba su faɗa ba.

Inda yake cutarwa shi ne inuwa. In ka bar shi ya yi tsayi a kan shuka, zai danne ta.

To a aikace yaya zan yi?

Kafin ruwan shuka, sare shi ƙasa-ƙasa yadda ka saba. Ware manyan rassa a kai gida don girki, wannan haƙƙin uwargida ne. Ƙananan rassa da ganye ka daddatsa da adda ka baza a gona, ka fi ba wuraren da suka gaji. In ya sake toho ya fara yi wa shuka inuwa, a lokacin noman fari ko maimai ka sake datse shi ka ajiye ganyen tsakanin kunya. Bayan girbi ka ƙyale shi ya yi ta girma har bazara. A kan iyaka da kusurwoyin gona ka zaɓi wasu ka bar musu reshe biyu ko uku su zama bishiya, don 'ya'ya da igiya da inuwar hutawa.

Kada ka fara da gona duka. Ɗauki kar ɗaya, wato kwatan hekta, ka yi shekara uku kana kwatantawa da na kusa da shi. Shekarar farko ba lalle ka ga bambanci ba, ganyen yana da tauri, ba ya saurin ruɓewa.

Baza ganye ba zai jawo gara ba?

Zai jawo, kuma a kan fako ita ake nema. Irin ƙasar nan da ta daskare kamar siminti, wadda Fulani ke kira harde, ruwa ba ya shigarta, gudu yake a kai. Manoman Burkina Faso sukan shimfiɗa rassa da ganyen kalgo a irin wannan wuri, gara ta zo ci, ta huda ƙasar da ramukanta, ruwa ya samu hanya, ciyawa ta fara fitowa. Na gwada a wani gefen gonar mahaifina wajen Mindif inda ko tsidau ba ya fita. A damina ta biyu ƙafa ta fara nutsewa a wurin. Gara ta fi son busasshen abu, in ta samu ba ta cika kula shuka mai lafiya ba. Sai dai kada a tara kusa da rumbu ko danga.

A karal fa, inda muke dasa masakwa? Da gonar auduga?

Karal ƙasar laka ce mai riƙe ruwa, masakwa kuma dawar rani ce. Nan sai a yi hattara, ba zan ce a yi abin da ake yi a jigawa ba. Masakwa tana nuna ne cikin rani lokacin da babu wani hatsi a fili, kuma duk itacen da ya yi tsayi masauki ne ga tsuntsayen jan-baki. Mai karal da ke share itatuwa yana da hujjarsa. Abin da nake ba da shawara shi ne a datse kalgon ƙasa-ƙasa lokacin dashe kada a bar shi ya tashi, amma ba sai an tone kututturen ko an zuba masa maganin feshi ba. A gonar auduga kuma matsalar garmar shanu ce, kututture yana karya bakin garma. Waɗanda suka faɗo kan layi ko kan iyaka a bar su, wanda ya tare hanyar garma a cire. Gona ba daji ba ce.

Macizai fa?

Gaskiya ne, suna fakewa a gindinsa, kuma kububuwa ba abin wasa ba ce a ƙasar Binuwai. A buga da sanda kafin a sa hannu, a sa takalmi mai rufi lokacin sassabe, kada a aiki yara tattara ganye da magariba.

Dabbobi suna cin 'ya'yan kalgo? Zan iya yin kiwon turke da su?

Suna ci sosai, shanu da tumaki da awaki, musamman daga Janairu zuwa faɗuwar ruwa lokacin da harawa ta yi tsada. In aka ba su kwasfar yadda take, da yawan ƙwayar tana fita cikin kashi ba ta narke ba, shi ya sa kalgo ke yawan tsirowa a tsohon mashekari. Gara a shanya ta bushe ƙayau, a daka ko a kai inji, a gauraya da dusa da ɗan kanwa. A Burkina Faso mata sun mai da tara ta da niƙa ta sana'a.

Amma kada a ce da ita kaɗai za a ƙiba ragon layya. Tana da ɗaci-ɗacin nan mai ɗaure baki irin na bagaruwa, wanda in ya yi yawa yake rage wa dabba amfanin abin da ta ci, kuma ba ta kai ƙuli-ƙulin auduga gina jiki ba. Ƙari ce mai rage kashe kuɗi. A fara da kaɗan har cikin dabba ya saba, a kuma ajiye ta inda laima ba ta taɓa ta, don in ta yi fumfuna ba ta da amfani. Ganyen kuwa sai ɗanyen toho suka fi so, tsohon ganye sai yunwa ta yi yunwa.

Ban da gona da kiwo, me ake yi da shi?

Igiya ce kan gaba. A ɓare ɓawon ɗanyen reshe, a tsaga, ga abin ɗaure dami da itace da tankar jinka da zana. Kafin igiyar roba ta cika kasuwa, da wuya ka ga ɗakin ciyawa da babu kalgo a jikinsa. Ɓawon yana shiga jima, saiwar tana ba da jan rini, tokar itacen da ta kwasfa tana shiga sabulun gargajiya. Ganyen yana da tsami, in babu tsamiya akan dafa shi a tace ruwan a dama kunu ko a tuƙa tuwo, kuma tuwon da aka yi da ruwan tsami ya fi jure kwana. Roƙo ɗaya: mai ɗibar ɓawo ya ɗauka daga rassan da za a sare, kada ya zagaye gindin babbar bishiya, wannan ne kaɗai saran da ke kashe ta a tsaye.

Gaskiya ne yana maganin gudawa da tari da zazzaɓi?

Iyayenmu sun daɗe suna dafa ganyen don mura da tari, ɓawon kuma don gudawa da wanke gyambo da kurkure baki in haƙori na ciwo. Ɗaurin bakin nan da ke cikinsa yana tsuke fata da hanji, kuma gwajin ɗakin bincike ya nuna ruwansa yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Sai dai abin da ya yi aiki a kwalba daban, abin da zai warkar da yaro daban. Gudawa tana kashe yaro ne ta hanyar ƙarar da ruwan jikinsa, maganin wannan shi ne ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc, sannan asibiti. Wanda ya ga kwalarar 2010 a Arewa Mai Nisa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Zazzaɓi kuma a je a yi gwajin jini, in na cizon sauro ne a sha maganinsa cikakke. Mai ciki da jariri, a nisanta su da jiƙe-jiƙen da ba a san ma'auninsu ba.

Me ya sa Fulani ke girmama shi haka?

Da Fulatanci sunansa barkeehi, kuma kunne na jin kalmar barka a ciki. Fulanin daji suna ɗaukarsa itacen albarka, ganyensa yana shiga al'adunsu na suna da aure da harkar shanu. Mu da muke zaune tsakiyarsu a Diyamare, wato ƙasar Marwa, mun ɗauki kalmomi da yawa daga bakinsu, amma wannan girmamawar ba mu ɗauka ba. Mu dai muna da gari guda mai irin sunansa, Kalgo ta jihar Kebbi a Najeriya.

Gonar haya nake nomawa. Yana da amfani in wahalar da kaina?

Nan ne gizo ke saƙa. Wanda bai san ko baɗi gonar tana hannunsa ba, ba zai yi rainon ƙasa ba, kuma wani mai gonar da ya ga ta gyaru sai ya karɓe abarsa ko ya ƙara kuɗi. Wani kuma yana ganin barin itace alama ce ta neman mallaka. Ka yi magana da shi tun farko, in da hali a gaban jauro ko lawan, wato mai unguwa ko dagaci, a yanka shekaru. In bai yarda a bar bishiya ba, datsewa da bazawa ba su bukatar izinin kowa, kuma ba su ci maka ko dala ba.

Gonata babu kalgo ko ɗaya. Ana shuka shi?

Ana shukawa, sai dai yana da nawa a shekarun farko, don ƙasa yake fara yi kafin sama. Tara busasshiyar kwasfa cikin hunturu, daka a turmi a hankali, ka fitar da ƙwayar. Fatarta tana da tauri ƙwarai, in ka shuka haka nan kaɗan ne za su fito. Tafasa ruwa ka sauke, zuba ƙwayar a ciki ta kwana ta wuni, ko ka ɗan kankare gefen kowace da dutse. Waɗanda suka kumbura su ne suka shirya. Ka shuka biyu ko uku a rami bayan ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli, ka kafa tsinke a wurin don kada mai noma ya share. Ranin farko da na biyu a rufa musu ƙaya saboda awaki. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce ka ciyar da shanunka kwasfar ba tare da niƙawa ba, ka kai takin gona, sannan ka gaya wa yaran da ke maka noma cewa ɗan tsiron nan mai ganye kamar sawun raƙumi ba ciyawa ba ne, su kewaye shi.